Sunan da Ban Kira Ba a Bakin Raga

Aziziyya, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin fara sabawa da Zariya, kuma Gwaggonki Habi da mutanen gidanta suna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa da ƙafar dama kika shiga garin, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baki da na ido.

Ina gargaɗinki tun kafin ki yi nisa: kada ki ba Gwaggonki takardar nan ta karanta miki. Na san karatun Hausa yana yi miki nauyi, kunnenki ya fi idonki da bakinki iya ta. To ki zauna ki bi ta a hankali, ko da yatsa za ki riƙa bin layi kamar 'yar aji ɗaya. Idan Habi ta ga abin da ke ciki za ta ce zaman Jidda ya cinye mini kunya, kafin Juma'a kuma dangin ubanki kaf sun ji. Kada kuma ki yi mata irin sauraron da kike yi mini a gida, kina cewa "tayyib, tayyib", "to" ɗinku na Larabci, hankalinki yana wani wuri. Da halin Hausa na yi miki laifi, da harshen Hausa zan faɗe shi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ƙanwarki Safiya za ta cika miki kunne da shi a waya. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da Habi ta yi mini. Ta ce akwai ƙungiyar 'yan mata masu ƙwallon raga kusa da makarantarku, za su yi gwajin ɗaukar sababbi a farkon zango, ta yi miki maganar kika ce ke ba kya wasa. Da na ajiye wayar na shiga ɗakinku, na tarar da ƙwallonki a bayan kwaba, iska ta fita daga cikinta. Kin kwashe komai har da tsohon mazubin turare, ita kaɗai kika bari. Ba mantuwa ba ce. Na san wadda ta sa kika bar ta, ita ce take rubuta miki wannan.

Kin sha ganin hotona na makarantar kwana, wanda nake tsugune a gaban raga da ɗankwali ɗaure tamau. Ni ce mai ɗaga wa masu duka a ƙungiyarmu, kuma ba yabon kai ba, ba a cika canza ni ba. Saboda haka ranar da na hau saman bene kwashe shanya bayan la'asar, na tarar kin mayar da igiyata raga, kina ɗaga wa Safiya ƙwallo da 'yan yatsu, ban buƙaci wani ya gaya mini ba. Ƙwallon tana barin hannunki shiru, ba ta juyawa, tana sauka daidai inda kika so. Ni sai da na shekara ina shan faɗan malama kafin hannuna ya yi haka. Na tsaya bayan zanin gado ina kallonki har kafaɗata ta gaji da kwando. Da kika juyo kika gan ni, abin da ya fito daga bakina shi ne kin zubar mini da shanya, ki sauka ki ɗauraye. Daga ranar kullum kuka hau sama sai na jiƙa zoɓo na sa a firji. Kin ɗauka na kowa ne. Naki ne.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Abin da za ki ɗauka a ciki: idan kika ga baiwa a hannun wata yarinya, ko da kishiyar matsayinki ce a fili, ki buɗe baki ki gaya mata. Zoɓo ba ya magana.

Na biyu shi ne zaɓen wuri. Kin san yadda garin nan yake, a lokacin makarantun gwamnati ba sa barin 'yan mata wasa, sai 'yan wurare masu zaman kansu a bayan dogayen katangu. Da Abbanku ya gaji da roƙonki ya ce in bincika, wuri biyu na samo. Ɗaya nan kusa ne, a zauren wata ƙaramar makaranta, wata malama 'yar Sudan ke koyarwa. Na leƙa sau ɗaya. Na ga fanka maimakon na'urar sanyi, na ga raga da ɗinki, na kuma ji 'yan mata suna Hausa irin ta unguwar Mahjar, rabi Larabci rabi tamu. Nan take zuciyata ta ce a'a. Na ce 'yar ma'aikacin asibiti mai iƙamar zama ƙasa da kafilin da ya tsaya masa ba za ta cuɗu da 'ya'yan waɗanda suka zo Umra suka maƙale ba. Ni da nake zuwa kasuwar Bab Makka in durƙusa gaban iyayensu mata ina cinikin atamfa da daddawa, muna hira kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ban tsaya ko na minti kaɗan in ga yadda malamar take koyarwa ba.

Ɗayan kuma can arewacin gari yake, inda maƙwabciyarmu Ummu Lina take kai 'yarta. Ƙasan zauren tana ƙyalli, riguna iri ɗaya, manyan motoci jere a bakin ƙofa. Motocin na zaɓa. Ke da kanki kin ce mini wata ƙawarki ta ce malamar Sudan ta fi haƙuri da sababbi, na ce miki ba a tambaye ki ba.

To ki saurara. Kafin ki ba kowace ƙungiya sunanki, ki je ki zauna ki kalli horonsu tun daga farko har su tashi. Kada ki kalli wadda ta fi iyawa, ita ko'ina za ta ji daɗi. Ki kalli wadda ta ɓarar da ƙwallo, ki ga me mai koyarwa ta yi mata: ta nuna mata inda za ta sa ƙafa, ko ta mayar da ita abin dariya? Ki kalli waɗanda ke zaune a benci, ki ga ko suna tafa wa na ciki ko suna jiran su faɗi. Ki ga ko ana tsayawa idan an kira salla. Ki tambayi lokacin tashi, ki san da wa za ki dawo gida. Idan namiji ne ke koyarwa, ki tabbata akwai babbar mace a wurin kullum, in babu kada ki sake komawa, ko da kofi suke ci duk shekara. Kuma kada ki raina yarinya don takalminta ya yage ko don ba ta jin Larabci. A nan na raina wa mutane takardunsu, ke kuma a can kina iya raina musu talaucinsu. Duk cuta ɗaya ce, a wurina za ki gado ta, ki yi maganinta da wuri.

Tunda na ambaci takalmi, ga na uku. Ƙarami ne amma har yau yana cina. Ana gobe gwaji na je Bab Makka ni kaɗai na sayo miki takalmin wasa, na ƙara lamba don ki daɗe kina sawa, yadda ake yi wa takalmin Salla. Kika ce yana fita. Na cusa auduga a gaba na ce yalla, sa shi haka, ƙafa girma take yi. Ni da na yi wasan nan, na san mai ɗagawa da ƙafa take isa ƙarƙashin ƙwallo kafin hannu ya yi aiki. Ina zaune ina ganin dugaduganki suna zamewa duk lokacin da kika juya, kina dunƙule yatsun ƙafa don ki riƙe shi. Tattali abu ne mai kyau, ban janye ba. Amma kayan aiki daidai mai aiki ake saye. Akwai ƙunshin sabon takalmi tare da takardar nan. Na auna da silifas ɗinki da kika bari a bakin banɗaki, na kai wa mai shago ya gwada a gabana. Ki fara sa shi a tsakar gida kwanaki kafin gwajin, kada ki je da shi sabo fil ya ci miki ƙafa.

Yanzu na zo kan wanda ya sa kika daina kallona cikin ido.

Duk da takalmin, kin yi wasa a ranar. Ina cikin iyaye mata a kujerun gefe, mun tuɓe niƙabi tunda babu namiji, ina jin wata tana tambayar ta kusa da ita wace ce wannan baƙar mai laushin hannu. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan jakata. Da aka ba ku hutun shan ruwa, mai koyarwar, wadda kowa ke kira Kabtin, ta taho wajenmu ta nuna ki ta tambaya da wa kika zo. Na ci gaba da kallon jakata. Ummu Lina ce ta ce da Ummu Safiya kika zo. Kabtin ta yi murmushi ta ce ashe sunan yarinyar Safiya. Na ce a'a, Safiya ƙanwa ce. Ta ce to ita wannan fa? Na kau da kai na ce ta tambaye ki da kanki.

Sai ta dube ni da kyau ta ce, "Ke ce mahaifiyarta?"

Na ce, "A gidanmu take."

Sannan ta ce hannunki ya burge ta, amma tana so ta san halinki a gida, ko kina da naci, ko za ki jure zuwa horo ba fashi. Na gyara zama na ba ta amsar da na tashi na ji iyaye suna bayarwa.

"Wannan? Ba ta iya komai ba. Malalaciya ce, sai barci. Na kawo ta ne don ta rage mini hayaniya a gida."

Na yi 'yar dariya ina jiran ta taya ni. Ba ta taya ni ba. Ta ce shukran ta wuce. Da na juya na gan ki a bayan kujeru da gorar ruwa a hannu, ba ki sha ba.

Bari in gaya miki abin da ya kamata in gaya miki tun kina ƙarama. Ke ce 'yar fari. A inda na tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nawa ne. Ana kiran wannan kunya, kuma ado ne ga mace. Ni ma 'yar fari ce. Inna, kakarki, har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ta taɓa zuwa makarantarmu ranar ziyara, shugabar makaranta ta tare ta tana yaba wasana, Inna ta ce, "Wannan shashashar?" Shugabar ta yi dariya, ni ma na yi, don duk wanda ke tsaye a wurin ya san abin da ake nufi. Da ta tafi na tarar da dambun nama cike da kwano a cikin akwatina. A can, idan uwa ta ce ɗanta bai iya ba, masu sauraro su ne suke juya maganar su ce ai ya iya, su kira sunan da ta ƙi kira, su yi yabon da ta haɗiye. Gari ne yake ɗaukar wa uwa wannan nauyin.

Abin da ban lura ba shi ne na ɗauko kunyar na taho da ita, na baro garin a can. A nan mace da sunan ɗanta na fari ake kiranta, tana alfahari da shi. Ni kuwa tun da aka haifi ƙanwarki na ce wa maƙwabta Ummu Safiya nake, don bakina ya huta. Kika tashi kina ji ana kiran kowace uwa da babban ɗanta, taki kuma ta tsallake ki. Babu kaka kusa, babu gwaggo, babu wanda zai ja ki gefe ya ce miki haka ake yi, so ne ya yi yawa. Kabtin ba ta san wannan ba. Ke ma ba ki sani ba, kuma ni ce ban koya miki ba.

A mota muna dawowa kika yi mini magana da Hausa, ke da sai an matsa miki kike yin ta. Na san don kada direba ya ji ne. Kika ce, "Umma, ni ba 'yarki ba ce?"

Na ce, "Halas, ya isa haka. Gyara mayafinki."

Ko a lokacin kin fi ni sanin ya kamata, kin rufa mini asiri a gaban bare. Da na kama hannunki kawai a ƙarƙashin abaya, da ya isa. Ban kama ba.

Ba su ɗauke ki ba. Bayan 'yan kwanaki Ummu Lina ta shigo aron turmi, ta gaya mini abin da ta ji. Mai ɗagawa ɗaya suke nema, ya rage ke da wata. Kabtin ta ce hannunki ya fi, amma yarinyar da mutanen gidansu suka shaide ta da lalaci, wadda kuma ga alama riƙo take ba uwa a kusa, ba za ta kai tsakiyar shekara ba. Ummu Lina ta ce ta rantse mata ni na haife ki, Kabtin ta ce uwa ba ta magana haka. Ta ce in shirya ta raka ni mu je in yi bayani, ƙila a duba. Na ce mata abin da Allah bai yi ba ba a yi masa dole. Na jingina wa ƙaddara abin da girman kaina ya yi, wannan kuwa zunubi ne, ina neman gafararsa. Gaskiyar ita ce na kasa tunanin tsayawa gaban Balarabiya in ce 'yata ce, ta iya, ni ce na yi ƙarya. Ko wajen malamar Sudan ban mayar da ke ba, don kada a ce mun dawo da ƙafarmu inda muka raina. Kika daina hawa sama. Ni kuma na ci gaba da jiƙa zoɓo har Abbanku ya tambaya wa yake shan wannan abin da kullum ake zubarwa.

Da-na-sani ƙeya ce. Abin da zan ce miki a nan: idan kika yi wa mutum laifi, ki koma tun ƙafarki ba ta yi nauyi ba. Kowace rana da ta wuce tana ƙara wa hanyar tsawo. Kuma kada ki taɓa kiran tsoronki tawakkali.

Kada ki ɗauka na zubar da kunya, ko na ba ki izinin zubar da ita. A Zariya za ki ga iyaye suna yi wa 'ya'yansu abin da na yi miki, kada ki ce mugunta ce, ki duba akwatin yaran tukuna. Idan Gwaggonki ta raka ki gwaji aka tambaye ta, ita za ta yabe ki har ki ji nauyi, don aikin gwaggo ke nan. Ki sunkuyar da kai, kada ki ce haka ne. Amma idan mai koyarwa ta tambaye ki ke da kanki inda kike tsayawa a fili, kada ki ce ko'ina. Ki ce ke mai ɗagawa ce. Faɗin abin da ka iya ga wanda ya tambaya don aiki ba fahariya ba ce, amana ce.

Ban ce lallai su ɗauke ki ba. Kin daɗe ba ki taɓa ƙwallo ba, yatsunki za su yi tauri, filinsu kuma ƙila ƙasa ce da rana a kai, ba irin zauren da kika gani a nan ba. Idan kika je suka ce ba ki kai ba, wannan hukuncin masu wasa ne, ki karɓa ki ƙara ƙoƙari. Wanda kike ɗauke da shi yanzu hukuncina ne, kuma na ƙarya ne. Ki ajiye shi. Ki je ki gwada.

Sharuɗɗana suna nan yadda kika san su. Karatu aka kai ki, ranar da sakamakonki ya sauka ƙwallo ta sauka tare da shi. Wando har idon sawu, riga mai rufe ƙugu, kai a rufe. Magariba a gida. Ba tafiya wani gari wasa sai da malama mace da yardar Habi. Kada ki riƙa juya harshe zuwa Larabci a gaban 'yan ƙungiyarku don su ji ba su gane ba, rashin tarbiyya ne. Za su yi dariyar Hausarki, ki taya su, da haka za ta miƙe.

Allah Ya tsare ki a fili da wajen fili, Ya kare gwiwarki da yatsunki da mutuncinki. Allah Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa da ƙawaye na gari, Ya dawo mana da ke lafiya. Abbanku yana sa miki albarka. Ki gaida Gwaggonki da maigidanta da yara. Ki yafe mini.

Saura abu ɗaya. Makon jiya na je wajen malamar Sudan, na zauna tun daga farkon horo har suka tashi. Wata ƙaramar yarinya ta ɓarar da ƙwallo sau da yawa, malamar ta durƙusa ta gyara mata ƙafa da hannunta. Safiya za ta gwada a can. Da na dawo na tara Abbanku da ita a falo na kafa doka, kuma ta zauna ke nan a gidan nan: duk 'yar da za ta je gwaji, na wasa ko na karatu, ni zan raka ta, in aka tambaye ni zan ce tawa ce, in faɗi abin da na san ta iya, ba ragi ba ƙari. Kuma duk wanda ya buga ƙofar nan ya nemi Ummu Safiya, a ce masa babu mai wannan suna. Safiya ta kumbura baki, Abbanku ya ce yana so ya ga ranar. Na riga na gaya wa Ummu Lina da bakina, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa amma ya fita. Wanda yake nemana ya kira ni da sunan da ke ƙasan takardar nan.

Wassalam.

Ni ce,
Ummu Asma'u.